LAUNIN FATA DA ZURIYAR ADAMU: ABIN DA TARIHIN MISHAN A ƘASARMU YA BAR MANA

 

Ni Kirista ne, kuma na san yawancin masu karatu a nan Musulmi ne. Ba wa'azi na zo yi ba, tarihi ne na kawo, kuma tarihin da ya shafi ɓangarenmu ne, har da inda aka yi abin kunya. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Saboda haka da namu zan fara.

Koyarwar Littafi Mai Tsarki a kan asalin mutum a fili take. Littafin Farawa ya nuna mutum ɗaya Allah ya halitta, daga gare shi kowa ya fito. A Ayyukan Manzanni sura 17, Manzo Bulus ya tsaya a gaban mutanen Atina, waɗanda suke ganin duk wanda ba ya jin yarensu bagidaje ne, ya shaida musu cewa dukan al'ummai tushensu ɗaya. A Littafin Ƙidaya sura 12, da Haruna da Maryamu suka yi gunaguni don Musa ya auri mace daga ƙasar Kush, Allah bai goyi bayansu ba, Maryamu ce ma ta sha horo. Wannan shi ne abin da ke rubuce. Tambayar ita ce, waɗanda suka ɗauko littafin suka kawo mana, sun bi abin da ke ciki? Amsar tana nan a bakin kogin Binuwai, a Keana, da kuma Randa.

BAWAN DA YA ZAMA BISHOP

A shekarar 1854 wani jirgin ruwa mai suna Pleiad ya shigo kogin Binuwai ƙarƙashin jagorancin Dokta William Baikie, ya bi ta gefen ƙasar da a yau take kudancin Jihar Nasarawa. An daɗe ana tuna wannan tafiya domin babu wanda zazzaɓi ya kashe a cikin jirgin, saboda maganin kwini da suka riƙa sha. Daga cikin matafiyan akwai wani fasto baƙar fata, Samuel Ajayi Crowther.

Crowther Bayarabe ne daga garin Osogun. An kama shi bawa a 1821 yana yaro, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har ya faɗa jirgin masu fataucin bayi na Fotugal. A 1822 sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, aka sauke shi a Firitawun ta Saliyo. Can ya yi karatu, ya shiga cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827. A 1841 ya shigo kogin Kwara tare da wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, mutumin da ya ba da shekarunsa wajen nazarin harshen Hausa.

Schön bai yi wannan aiki shi kaɗai ba. Wani yaro Bahaushe mai suna Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram, wanda shi ma aka kama bawa sannan aka 'yanta shi a Borno, ya bi matafiyin nan Heinrich Barth har Ingila a 1855 tare da abokinsa Abbega. Daga bakin Dorugu ne Schön ya rubuta labarai da tatsuniyoyi da yawa da suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Sunan Bature ne a bangon littafin, amma Hausar ta Dorugu ce. Ya dawo gida daga baya, ya rasu a Kano a 1912.

A 1857 ƙungiyar mishan ta CMS ta ɗora wa Crowther aikin bishara a gaɓar Kwara, kuma kusan duk ma'aikatansa baƙaƙen fata ne daga Saliyo. Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, ya yi imani cewa dole ikkilisiyar Afirka ta riƙe kanta, ta mulki kanta, ta yaɗu da ƙarfin kanta. Da ƙoƙarinsa aka naɗa Crowther bishop a Kantabiri ranar 29 ga Yuni 1864, ɗan Afirka na farko da ya sami wannan matsayi a ɗariƙar Angilikan. Amma tun a lokacin akwai Turawan mishan da suka ƙi. Henry Townsend na Abeokuta ya yi ta rubutu yana cewa mutanen ƙasa ba za su girmama baƙar fata kamar yadda suke girmama Bature ba. Ƙarshenta sai aka tsara yankin Crowther ta yadda Turawan da ke Legas da Abeokuta ba su shiga ƙarƙashinsa ba.

Abin lura a nan, sarakunan Musulmi ba su sami wannan matsala da shi ba. Crowther ya sha zuwa Bida wajen Etsu Masaba, ana karɓarsa da mutunci, ana tattaunawa, kowa na kan addininsa.

TARON ONICHA NA 1890

Bayan rasuwar Venn iska ta juya. Kamfanonin Turawa suka mamaye cinikin kogi, kuma a Turai aka shiga yayin wata koyarwa mai cewa jinsin mutane hawa-hawa ne, fari a sama, baƙi a ƙasa. Wasu samarin mishan daga Ingila suka iso, ciki har da Graham Wilmot Brooke da J. A. Robinson. Burinsu shi ne su kai bishara ƙasar Hausa. Sun zauna a Lakwaja, suna sa riga da rawani irin namu, suna koyon Hausa. Amma shigar tufafin mutum ba ita ce ganin darajarsa ba.

Gaskiya ita ce akwai wasu daga cikin ma'aikatan Crowther da suka yi laifi na gaske, kuma tsufa ya sa hannunsa ya yi sanyi wajen horo. Sai dai samarin nan ba masu laifi kaɗai suka tuhuma ba, sun yi wa kowa kuɗin goro. A taron kwamiti da aka yi a Onicha a watan Agusta 1890, sakataren mishan F. N. Eden ya dakatar da fastoci baƙaƙe a gaban bishop ɗinsu, har da ɗansa, Dandeson Crowther. Dattijo mai kimanin shekara tamanin, wanda ya fara wannan aiki tun ba a haifi wasunsu ba, ya ajiye shugabancin kwamitin. Shanyewar jiki ta same shi, ya rasu a Legas ranar 31 ga Disamba 1891.

Bature aka naɗa ya gaje shi. An ci gaba da naɗa baƙaƙe a matsayin mataimakan bishop, amma sai da aka yi kusan shekara sittin kafin ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis da kansa a Najeriya. Wannan cin fuska na cikin dalilan da suka sa wasu Kiristoci a Legas suka ɓalle suka kafa ikkilisiyoyinsu na 'yan Afirka. A 2014, da aka cika shekara 150 da naɗin Crowther, Babban Bishop na Kantabiri, Justin Welby, ya tsaya a majami'ar da aka naɗa shi ya amsa cewa an zalunce shi, ya nemi gafara. An makara, amma an faɗa.

GIDAN 'YANTATTUN BAYI A UMAISHA

Yanzu mu dawo gida. Bayan Turawa sun kafa mulki a Arewa a 1900, Lugga ya yi shelar 1901 wadda ta hana saye da sayar da bayi, ta kuma ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilun wannan shekara ɗa ne. Sojoji suka riƙa tare fatake suna ƙwace yara, da yawansu ba su ma san sunan garinsu ba. Gwamnati ta tara su a wani gida a Zungeru.

A 1904 wani Bajamushe, Karl Kumm, ya jagoranci 'yan mishan na SUM suka kafa zangonsu na farko a Wase. Matarsa Lucy ta rasu a 1906, sai ƙungiyar ta gina gidan 'yantattun bayi da sunanta a Rumasha, wato Umaisha ta yau, a bakin Binuwai cikin Ƙaramar Hukumar Toto. An buɗe shi a 1909, aka kwaso yaran Zungeru aka kawo. Daga baya aka mayar da gidan Wukari.

A wannan gida an tara yara daga ƙabilu barkatai, ba mai jin yaren wani. Hausa ce ta haɗa su. An ciyar da su, an koya musu karatu da sana'a, wasunsu suka zama malamai da masu bishara. Wannan alheri ne, kuma ba za a shafe shi ba. Amma shi kansa Kumm, a rubuce-rubucensa, yana kallon baƙar fata kamar yaron da bai isa riƙe kansa ba, wanda sai Bature ya yi masa jagora. Ga tausayi, ga raini, duk a zuciya ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi wuyar ganewa a tarihin nan: mutum zai iya barin ƙasarsa ya zo ya mutu saboda kai, amma ya kasa yarda cewa kai da shi daidai kuke.

Gwamnatin mulkin mallaka kuwa ba ta ɓoye nata ba. Dokar garuruwa ta 1917 ta ware unguwar Turawa daban, aka bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninta da mazaunin baƙaƙe, wai don gudun cuta. Asalin unguwannin da muke kira GRA ke nan. Aka kuma ware baƙi 'yan Kudu a Sabon Gari. Rarraba mutane unguwa-unguwa bisa asali, wanda muke ɗauka kamar haka Allah ya yi mu, akwai hannun hukuma a cikinsa.

MUTANEN AFIRKA TA KUDU A KEANA DA RANDA

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, 'yan mishan da suka yi aiki a yankin Lafiya fararen fata ne daga Afirka ta Kudu. Reshen SUM na wannan ƙasa ya haɗa kashi biyu: masu jin Turancin Ingilishi, da kuma Buwa 'yan ikkilisiyar Dutch Reformed. Sun fara aiki cikin Tibi a 1911. A 1916 suka rabu. Buwa suka riƙe ƙasar Tibi, inda Mkar ta zama cibiyarsu. Ɗaya kashin ya ƙetaro Binuwai ya sauka a Keana, garin gishiri na Alago, daga nan ya buɗe Randa a 1920, aikin ya bazu cikin Eggon da Mada da maƙwabtansu. Daga wannan aiki ne ikkilisiyar ERCC ta fito, wadda hedikwatarta take Alushi kusa da Akwanga. Daga na ƙasar Tibi kuma NKST ta fito a 1957.

To, mene ne halin ikkilisiyar da ta aiko Buwan nan a can gida? A 1857, shekarar da Crowther ya fara aikinsa a Kwara, shekarar da aka yi wa Dorugu baftisma a Ingila, majalisar Dutch Reformed a Afirka ta Kudu ta yanke wata shawara. Ta amsa cewa bisa Littafi ya kamata fari da baƙi su yi sujada tare, amma saboda raunin wasu, an yarda a raba musu wurin taro. Wato wasu fararen fata ne suka ƙi shan ƙoƙo ɗaya da baƙaƙe a jibin Ubangiji, shugabanni kuma suka bi son ransu don a zauna lafiya. Abin da aka fara a matsayin sassauci na ɗan lokaci ya zama doka, doka ta zama koyarwa. Da jam'iyyar National ta hau mulki a 1948 ta kafa tsarin wariyar launin fata, akwai malaman ikkilisiya da suka riga suka tanadar mata ayoyi. Suka karkatar da labarin hasumiyar Babila. Wasu kuma suka jingina da tsohuwar fassarar nan mai cewa baƙar fata la'anannen Nuhu ne, alhali wanda ya karanta Farawa sura 9 zai ga a kan Kan'ana maganar ta faɗa, kuma ba a ambaci launin fata a wurin ba ko kaɗan.

Ba ina cewa kowane ɗan mishan da ya zo daga can mai goyon bayan wariya ne ba. Akwai waɗanda suka koyi yarukanmu, suka fassara bishara cikinsu, suka yi jinyar kutare da hannunsu, wasu kaburburansu na nan a ƙasarmu. Amma abin da ake yi a ƙasarsu ya biyo su. Ranar 21 ga Maris 1960 'yan sanda suka harbe mutum 69 a Sharpeville. Najeriya ta sami 'yanci a watan Oktoban wannan shekara, kuma Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa na cikin shugabannin da suka tsaya kai da fata har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar Kwamanwel a 1961. A wannan shekarar ce Buwa suka kammala miƙa aikinsu na ƙasar Tibi ga 'yan mishan na Amurka, miƙawar da aka soma tun shekarun 1950.

Kafin nan wani abu mai kyau ya faru a Randa. A 1955 wakilan ikkilisiyoyin da suka fito daga rassan SUM da 'yan'uwansu na ƙasar Bura suka taru suka kafa tarayyar TEKAS, wadda yau ake kira TEKAN. Turawan da suka kafa rassan daga ƙasashe daban-daban suke, Ingila, Amurka, Denmak, Afirka ta Kudu, kowa da ɗariƙarsa. 'Yan ƙasa kuma ga Bachama, ga Birom, ga Jukun, ga Eggon, ga Bura. Harshen da ya haɗa su a wannan zama Hausa ne, sunan tarayyar ma da Hausa aka sa shi. Har gobe, in ka shiga majami'u da yawa a Lafiya ranar Lahadi, da Hausa za ka ji ana waƙa da addu'a, daga Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka fara buga shi cikakke a 1932.

A Afirka ta Kudu ma gyara ya zo daga cikin gida. Beyers Naudé, babban fasto Babuwe, ya juya wa wariya baya bayan Sharpeville, ya rasa muƙaminsa, gwamnati ta yi masa takunkumi shekaru. A 1982 taron ikkilisiyoyin Reformed na duniya a Ottawa ya yanke cewa kare wariya da sunan Littafi ɓata ne, aka dakatar da ikkilisiyar fararen fata. A 1990 a Rustenburg, Farfesa Willie Jonker ya tashi a bainar jama'a ya furta laifinsa da na ikkilisiyarsa, Desmond Tutu ya tashi ya karɓi tuban. Daga shawarar 1857 zuwa wannan rana shekara 133 ke nan.

TO, MU FA?

Turawa sun tafi. A Lafiya yau ba wanda zai hana ka kujera don kai baƙi ne, dukanmu baƙaƙe ne. Amma ciwon bai tafi ba, suna ya sake. Yanzu tambayar ita ce, kai ɗan wace ƙabila ne, ɗan ƙasa ne ko baƙo, kakanka ɗa ne ko bawa. Ana yin ta wajen neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, wajen ɗaukar aiki, wajen rabon fili, wajen neman aure. A cikin majami'a ma ana yin ta idan an zo zaɓen shugabanni, kuma wannan na faɗa ne a kan namu.

Mun ga inda wannan tambaya take kaiwa. A watan Yunin 2001, bayan kisan Sarkin Azara, kudancin jihar nan ya kama da wuta, aka rasa rayuka, dubban mutane suka bar gidajensu. A 2012 da 2013 an sake gani a wajejen Assakio da Obi. A wasu daga cikin waɗannan rigingimu, mutanen da ke ɓangarori biyu addininsu ɗaya ne, suna karanta littafi ɗaya. Kuskuren da samarin nan suka yi a Onicha shi ne muke maimaitawa: mutum ɗaya ko goma su yi laifi, a ɗora wa ƙabila sukutum.

Garin nan namu kansa shaida ne. Barebari ne ƙarƙashin Muhammadu Dunama suka kafa Lafiya wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi ya sa ake cewa Lafiyar Barebari. Suka zauna da Alago, Gwandara, Migili, Eggon, Hausawa fatake, Fulani makiyaya, Tibi manoma. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoba 1996, mutane sun ƙaru daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. In za a bi diddigi, kowa daga wani wuri kakansa ya taso, bambancin kawai wani ya riga wani isowa.

Abubuwa uku nake ganin tarihin nan ya koya mana. Na farko, sanin gaskiya bai isa ba. Majalisar 1857 ta san abin da Littafi ya ce, ta rubuta shi ma, sannan ta kauce don kada a ɓata wa masu ƙarfi rai. Duk lokacin da shugaba, na coci ko na ƙungiya, ya ce mu bar wannan rashin adalci haka nan don a zauna lafiya, ya tuna cewa jikokinsa ne za su biya. Na biyu, taimako ba ya wanke raini. Kana iya ba mutum abinci kullum, amma in ba za ka yarda ya shugabance ka ba alhali ya cancanta, ko ɗanka ya auri 'yarsa, to ba ka ɗauke shi ɗan'uwa ba tukuna. Na uku, furta laifi ba faɗuwa ba ce. Welby da Jonker ba su ragu da komai ba don sun ce mun yi kuskure. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

'Yan'uwana Musulmi sun fi ni sanin cewa a huɗubar ban kwana an jaddada cewa Balarabe bai fi wanda ba Balarabe ba, fari bai fi baƙi ba, sai da tsoron Allah, kuma kowa ya san matsayin Bilal. Mu kuma muna da labarin Basamariyen nan, inda Yesu Almasihu ya ɗauki mutumin ƙabilar da aka fi rainawa ya sa shi ya zama abin koyi wajen jinƙan maƙwabci. Akwai abubuwan da muka saɓa a kansu, kuma ba sai mun ɓoye ba. Amma a kan cewa dukanmu 'ya'yan Adamu ne, ba mu da saɓani. Abin da ya rage shi ne aiki da shi.

Shawarata ga ƙungiya ita ce a samu lokaci a kai matasanmu Umaisha da Keana, a zauna da dattawan wuraren a ji abin da suka gada daga iyayensu, a rubuta kafin masu sani su ƙare. Wanda kuma yake da ƙarin bayani ko gyara a kan abin da na kawo, ƙofa a buɗe take.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Lafiya da Jihar Nasarawa da Najeriya baki ɗaya. Amin.